Gidan Abincin Unguwa a Girka: Ya Tsallake Bashi da Haraji, Ya Faɗa Cikin Tsadar Rayuwa

Sau biyar cikin shekaru takwas gwamnatin ƙasar Girka ta sauya yawan harajin ciniki na VAT da take karɓa a kan kowane farantin abinci da aka sayar a gidajen cin abinci na ƙasar. A watan Satumba na 2011 ta ɗaga shi daga kashi 13 cikin ɗari zuwa kashi 23. A watan Agusta na 2013 ta mayar da shi kashi 13, a watan Yuli na 2015 ta sake kai shi 23, a watan Yuni na 2016 ta ƙara ɗaya ya zama 24, sa'an nan a watan Mayu na 2019 ta dawo da shi inda ya faro. Ɗan kasuwar Nijeriya, wanda ya ga irin kai ruwa ranar da aka yi kafin a ɗaga wannan haraji daga kashi 5 zuwa 7.5 a shekarar 2020, ba sai an faɗa masa abin da ƙarin kashi goma a dare ɗaya yake yi wa ƙaramar sana'a ba.

Duk da haka, ƙaramin gidan abincin unguwa, wanda Girkawa ke kira taberna, bai gushe ba. Yana nan a lungunan Atina, babban birnin ƙasar, da Fireyus mai tashar jiragen ruwa, da Tasalonika ta arewa, kuma ko yau nan ne magidanci yake kai iyalinsa ranar Lahadi. Abin da ya riƙe shi a shekarun ƙunci shi ne maƙwabcin da ke dawowa mako bayan mako. Tambayar da ke gaban masu sana'ar a yanzu ita ce ko aljihun wannan maƙwabci zai ci gaba da ɗaukar kuɗin teburin.

Yadda zaman yake

Bagirke ba ya cin abincin dare da wuri. Kafin ƙarfe tara galibin kujeru babu kowa, sai ko baƙi 'yan yawon buɗe ido. Daga tara zuwa goma ne jama'ar unguwa suke fara shigowa, kuma ba kasafai mutum ke zuwa shi kaɗai ba. Akan zo ne ƙungiya ƙungiya, dangi ko abokai, abin da suke kira fareya, da tsofaffi da yara ƙanana. Da zarar sun zauna, mai kai abinci zai shimfiɗa faffaɗar takarda a kan teburi ya maƙale gefunanta, ya ajiye kwandon burodi da cokula da tulun ruwa. Akan caji ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a kan burodin.

Akwai takardar jerin abinci da farashinsa, domin doka ta wajabta, amma ɗan unguwa ba ya cika buɗe ta. Yakan tambayi mai gida abin da aka dafa yau, kuma a tsofaffin gidaje akan gayyace shi har bakin madafa a buɗe masa tukwane ya gani da idonsa ya nuna wanda yake so. Ba kowa da farantinsa ake yi ba. Akan jera kwanoni a tsakiyar teburi kowa ya sa hannu, kamar dai yadda ake haɗuwa a kan akushi.

Abin da kan fara zuwa shi ne haɗin da suke kira horiyatiki, wato na ƙauye: tumatir da kokwamba da albasa da 'ya'yan zaitun, a ɗora ƙaton yankin cukun feta a kai, a kwarara man zaitun. Sai zaziki, kindirmo ne mai kauri da aka gauraya da gurzajjen kokwamba da tafarnuwa. Sai dafaffen ganye da lemun tsami, da soyayyen dankalin Turawa, da ganyen inabi da aka naɗe shinkafa a ciki. Bayansu manyan kwanoni suke biyowa. Akwai musaka, wadda ake jera yankakken baƙin yalo da niƙaƙƙen nama hawa hawa, a rufe da farar miya ta madara da fulawa a gasa a tanderu. Akwai fasolada, miyar farin wake da mutane da yawa ke ɗauka a matsayin abincin ƙasa. Akwai kuma wani babban rukuni da ake kira ladera, kayan lambu ne da ake dafawa a hankali cikin man zaitun da tumatir, ciki har da kuɓewa, wadda suke kira bamiyes, suke kuma dafa ta ɗungurungum yadda ba za ta yi yauƙi ba.

Gidan da ya ƙware a gashi kuwa, haƙarƙarin rago yake sayarwa da awo, kilo ko rabin kilo, daga kan gawayi zuwa teburi. Haka ma kifi: farashin da aka rubuta na kilo ne, ba na faranti ba, kuma mai saye na da ikon ya je ya zaɓi kifinsa a ɗora a ma'auni a gabansa kafin a gasa. Doka ta tilasta wa mai gida ya sa alama a takardar farashi a kan duk abin da ya fito daga firiza, domin kada a sayar da daskararre a kuɗin ɗanye.

Akwai abin da ya kamata baƙo Musulmi ya sani. Tsiren Girkawa da ake kira suflaki, da yiros, naman da ake jerawa a tsayayyen ƙarfe mai juyawa ana yankowa, galibi na alade ne a cikin ƙasar Girka, sai fa in an ce na kaza. Niƙaƙƙen nama ma akan gauraya shi da na alade a wasu gidaje, kuma wasu miyun akan zuba musu giyar inabi wajen dahuwa. Tambaya ba ta ɓata wa kowa rai a can. Wanda ya tsaya ga kifi da wake da kayan lambu ba zai tashi da yunwa ba, domin mabiya Cocin Otodoks na ƙasar suna da ranakun ƙauracewa nama masu yawa a shekara, Laraba da Juma'a da makonnin da ke gaban Ista da Kirsimeti, saboda haka girkin da babu nama ya yi zurfi a al'adarsu.

Wanda ya kama teburi, nasa ne har ya gaji. Ba a kawo lissafi sai an nema, kuma sau da yawa kafin lissafin mai gida yakan aiko da kyauta, kankana ko alewar samolina ko kindirmo da zuma. Wajen biya akan yi ta ja-in-ja, kowa na cewa shi zai biya. Wanda ke bikin ranar sunansa kuwa, wato ranar waliyyin da aka raɗa masa sunansa, shi al'ada ta ɗora wa nauyin ciyar da kowa. Kuɗin hidima yana cikin farashi, amma akan bar ɗan tukwici a kan teburi.

Lissafin da ke bayan tukunya

A idon ɗan kasuwa, barin mutum shida su riƙe teburi sa'o'i uku asara ce, domin a manyan biranen Turai da Amurka akan juya teburi ɗaya sau biyu ko uku a dare. Mai taberna yana cike wannan giɓi ne ta hanyoyi huɗu.

Na farko, ma'aikatansa na gida ne. Uwa ko kaka tana kan tukwane, uba yana kan gawayi ko akwatin kuɗi, 'ya'ya suna kai abinci bayan makaranta. Albashin da wani zai biya bare, a nan cikin gida yake zama. Na biyu, wasu tsofaffin gidajen a ginin gado suke, iyali a sama, sana'a a ƙasa, babu mai haya da zai ƙwanƙwasa ƙofa a ƙarshen wata. Na uku, ana dafa tukwane ƙalilan ne da safe gwargwadon bakunan da aka sani, wadda ta ƙare ta ƙare, don haka abin da ake zubarwa kaɗan ne. Wake da kuɓewa da dankali ba su da tsada, ribarsu a faranti tana da auki, ita ce ke tallafa wa nama da kifi waɗanda ribarsu siririya ce. Na huɗu, kayan suna zuwa ne ta gajeruwar hanya. Mai gida yakan yi sammako zuwa babbar kasuwar nama da kifi ta Barbakiyos da ke tsakiyar Atina, wadda aka buɗe tun 1886, ko kasuwar sarin kayan lambu ta Rendi, ko kasuwar mako-mako da ke ci a titin unguwarsa. Man zaitun da cuku kuwa, sau da yawa daga ƙauyen iyali suke zuwa cikin garwa.

A kan waɗannan duka akwai jarin da ba a rubuta shi a littafi: sanayya. Mai gida ya san sunan kowa, ya san wanda likita ya hana wa gishiri, ya san wanda 'yarsa za ta yi aure. Kyautar kankanar nan ta ƙarshe kuɗin talla ce da ba ta bi ta gidan rediyo ba. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma a wannan sana'a ana iya ganin amfaninta a akwatin kuɗi, domin gidan da ya dogara ga mutum ɗari biyu da ke zaune kewaye da shi ba zai yi gangancin ba su kwantan abinci ba. In ya yi sau ɗaya, kafin gari ya waye labari ya gama unguwa. Gidajen da ke gindin tsohon dutsen Akrofolis, inda baƙo ke ci yau gobe ya hau jirgi, ba su da wannan takunkumi, shi ya sa mutanen gari suka fi yarda da na lungu.

Sana'ar 'yan gudun hijira da 'yan ci-rani

Yawancin abin da ake ci a taberna a yau ya samo fasalinsa ne a ƙarni na ashirin. Bayan yaƙin da Girka ta sha kashi a hannun Turkiyya a 1922, da yarjejeniyar musayar jama'a ta 1923, Girkawa fiye da miliyan ɗaya suka baro yankin Turkiyya na yanzu suka kwararo cikin ƙasar da jama'arta a lokacin ba su wuce miliyan biyar ba sosai. An kafa musu sababbin unguwanni a gefen Atina da Fireyus, irin su Kesariyani da Niya Simirni da Niya Iyoniya. Sun zo babu gona babu jari, sai hannun girki da kayan yaji na Izmir da Istambul. Da yawansu da murhu ɗaya da tebura biyu suka fara. Shi kansa yiros ɗan'uwan shawarma ne da aka sani a Kano da Kaduna da Legas. Dukansu daga gashin Turkawa suka fito, kuma sunayen biyu juyawa suke nufi. A wannan zamani ne kuma wani kuku mai suna Nikolaos Tselementes, wanda ya yi aiki a Turai da Amurka, ya yaɗa musaka mai farar miya irin ta Faransa, har sunansa ya zama kalmar da Girkawa ke kiran kowane littafin girki da ita.

Yadda sana'ar ta karɓi waɗanda suka shigo, haka ta bi waɗanda suka fita. Dubban ɗaruruwan Girkawa sun tafi Amurka daga ƙarshen ƙarni na goma sha tara zuwa 1924, lokacin da aka tsaurara dokar shiga ƙasar, wasu kuma suka biyo baya da aka sassauta ta a 1965. Wasu sun nufi Jamus ta Yamma bayan yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata ta 1960, wasu Ostareliya, inda birnin Melbon ya zama ɗaya daga cikin manyan matattarar Girkawa a wajen ƙasarsu. Tsarin kusan ɗaya ne a ko'ina. Sabon zuwa yakan sauka wurin ɗan garinsu, ya fara da wanke-wanke, ya koma yankan albasa, ya hau kan murhu, ya tara abin da ya tara, sa'an nan maigidan ya tsaya masa ko ya shiga haɗin gwiwa da shi ya buɗe nasa. Duk wanda ya taso yaron shago har maigidansa ya sallame shi da jari zai gane wannan hanya.

Ta haka ne Girkawa suka mamaye ƙananan gidajen abinci na Niyok, musamman daga unguwar Astoriya, har wani kamfani ya ƙirƙiro kofin takarda mai launin shuɗi da fari, launin tutar Girka, a shekarar 1963 domin ya samu cinikinsu. A Shikago kuwa, cikin shekarun 1970, 'yan kasuwar Girkawa suka fara haɗa curin naman yiros a masana'anta da naman sa da na rago, suna rarraba wa gidajen abinci a daskare. Wannan ne dalilin da ya sa yiros na Amurka ya bambanta da na Atina.

Shekarun tsuke bakin aljihu

Babbar jarrabawar taberna a gida ta faro ne a ƙarshen 2009, lokacin da ta bayyana cewa giɓin kasafin kuɗin ƙasar ya zarce abin da aka daɗe ana faɗa nesa ba kusa ba. A watan Mayu na 2010 ƙasashen da ke amfani da kuɗin Yuro da Asusun Ba da Lamuni na Duniya suka amince da rancen Yuro miliyan dubu 110. Wani na Yuro miliyan dubu 130 ya biyo baya a 2012, na uku kuma, wanda aka ƙayyade ba zai wuce miliyan dubu 86 ba, ya zo a watan Agusta na 2015. Kowane rance da sharuɗɗansa: rage albashi da fansho, ƙarin haraji, sallamar ma'aikata. A watan Fabrairu na 2012 aka zaftare mafi ƙarancin albashi da kashi 22 cikin ɗari, daga Yuro 751 zuwa 586 a wata. Tattalin arzikin ƙasar ya tsuke da wajen kashi ɗaya cikin huɗu, rashin aikin yi ya haura kashi 27 cikin ɗari a 2013, kuma fiye da rabin matasa masu neman aiki ba su samu ba.

Cin abinci a waje na cikin abubuwan farko da magidanci yake yankewa in aljihu ya yi sanyi. Daidai wannan lokaci ne kuma aka ɗora ƙarin harajin 2011. Mai taberna ya shiga tsaka mai wuya: in ya ƙara farashi, sauran 'yan tsirarun da ke zuwa su gudu; in ya haɗiye harajin, ribar ta tafi. Da yawa sun haɗiye, da yawa kuma sun rufe. Manyan gidaje masu kuɗin haya mai nauyi da bashin banki da ma'aikata barkatai su suka fi jin jiki. Masu sana'ar sun yi ta kukan cewa ƙarin bai kawo wa gwamnati abin da ta yi tsammani ba, domin ciniki ya ragu, ɓoye ciniki kuma ya ƙaru, kuma da wannan hujja ce gwamnatin Antonis Samaras ta shawo kan masu ba da rance aka rage harajin a 2013.

Waɗanda suka tsira sun yi abin da ƙaramin ɗan kasuwa ke yi a ko'ina. Sun rage yawan tukwane, sun koma ga wake da kayan lambu, sun fito da rabin faranti, sun sallami bare suka jawo ɗan da ya gama jami'a bai samu aiki ba. Littafin bashi na shagunan unguwa, wanda suke kira tefteri, kalmar da ke da tushe ɗaya da daftari na Hausa, ya sake fitowa daga aljihun teburi. Shagunan suflaki kuwa sai suka yawaita, domin da wajen Yuro biyu mutum kan samu naɗin burodi da nama ya kashe yunwa.

Ƙarshen watan Yuni na 2015 ya zo da abin da ya fi wannan. Aka rufe bankuna har mako uku, aka ƙayyade wa kowa Yuro 60 a rana daga na'urar cirar kuɗi. Sana'ar da ta saba da tsabar kuɗi daga sari har sayarwa ta wayi gari babu tsaba. A waɗannan makonni, mai gidan da mahauci da mai kayan lambu suka yarda da shi ya ci gaba da samun kaya a kan amana, wanda ba shi da wannan kuwa tukunyarsa ta huce. Sai a watan Satumba na 2019 aka janye takunkumin zirga-zirgar kuɗi gaba ɗaya, shekara guda bayan ƙasar ta fita daga shirin rance na ƙarshe.

Rasit ya zama dole

Ba za a cika labarin ba in ba a ambaci ɗaya gefen ba. Wani ɓangare na juriyar sana'ar ya ta'allaƙa ne a kan cinikin da ba a rubutawa da ma'aikatan da ba a yi wa rajista. An daɗe ana lissafi da fensir a kan takardar teburi, a biya, a naɗe takardar a jefar. Yadda abin ya yi jijiya ya fito fili a watan Agusta na 2012 a tsibirin Hidira, inda jami'an haraji suka tsare mutanen wani gidan abinci kan rashin ba da rasit, jama'ar gari suka yi wa ofishin 'yan sanda ƙawanya, har sai da aka aiko da 'yan kwantar da tarzoma daga babban yanki.

Tun daga nan gwamnati ta yi ta toshe kafofi ɗaya bayan ɗaya. Aka wajabta rubuta sanarwa cewa mai saye ba dole ne ya biya ba in ba a ba shi rasit ba. Aka kafa hukumar tara haraji mai cin gashin kanta a 2017, wadda ke da ikon garƙame gida na kwanaki in an kama shi. Aka tilasta ajiye na'urar biya da kati, wadda ƙarancin tsabar 2015 ya riga ya koya wa jama'a amfani da ita, daga baya kuma aka haɗa na'urar da akwatin kuɗi ta yadda cinikin ke isa ga hukuma kai tsaye. Daga farkon 2018 aka hana ajiye man zaitun a buɗaɗɗiyar kwalba a kan teburi, sai rufaffiya mai tambari. Ga baitulmali wannan nasara ce. Ga mai taberna kuwa, ma'anarsa ita ce yanzu kowane faranti sai ya ɗauki cikakken nauyinsa na haraji da inshorar ma'aikata.

Sabuwar damuwa

Sana'ar ba ta gama farfaɗowa ba annobar korona ta zo. An rufe gidajen abinci daga tsakiyar Maris zuwa ƙarshen Mayu na 2020, aka sake rufe su daga Nuwamba na wannan shekara har farkon Mayu na 2021. Masu kai abinci gida a babur, ta kamfanoni irin su efood da Wolt, sun buɗe wata ƙofar ciniki, amma kamashon da suke yanka yana da tsoka, kuma abincin da aka ci a gida ba ya jawo ƙarin kwano da abin sha kamar yadda doguwar hira a teburi take yi.

Bayan annoba sai tsada. Kuɗin wutar lantarki da gas ya yi tashin gwauron zabi a 2022 sakamakon yaƙin Yukren, naɗin suflaki ya haura Yuro uku. Fari a Sifen, wadda ita ce kan gaba a duniya wajen noman zaitun, ya rage amfaninta da kusan rabi a kakar 2022 zuwa 2023, farashin mai ya ninka har fiye, bai fara sauka ba sai a shekarar 2024. Ga girkin da kusan kowace tukunya ke farawa da man zaitun, wannan dukan tsakar ka ne. Cukun feta ma ya yi tsada. Tun 2002 Tarayyar Turai ta keɓe wa Girka wannan suna, kotun tarayyar ta tabbatar a 2005 bayan ƙarar Jamus da Denmak, da sharaɗin a yi shi da nonon tumaki, na awaki kada ya wuce kashi 30 cikin ɗari. Kariyar ta buɗe masa kasuwannin waje, amma ta sa mai taberna yana gogayya da masu saye na ƙetare a kan nonon garken ƙasarsa.

A bisa alƙaluma, ƙasar ta murmure. Baƙi fiye da miliyan 32 ne suka ziyarce ta a 2023, ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan goma da rabi ba, suka kashe wajen Yuro miliyan dubu 20. Rashin aikin yi ya sauko zuwa wajen kashi 10 cikin ɗari a 2024, mafi ƙarancin albashi kuma ya kai Yuro 880 a watan Afrilu na 2025. Sai dai wannan bunƙasa ta zo wa gidan abincin unguwa da kaifi biyu.

Kaifi na farko shi ne ma'aikata. Fiye da mutum dubu 400, galibi matasa masu ilimi, sun bar ƙasar a shekarun ƙunci. Waɗanda suka rage, da bazara ta kama sai su nufi otal-otal na tsibirai inda ake biya da tsoka. Ɗan mai gida da ya ga ubansa yana tsaye sa'o'i goma sha huɗu a gaban gawayi ba lallai ne ya so gadon ba, kuma gidan da ya koma biyan bare cikakken albashi ya rasa ɗaya daga cikin ginshiƙansa huɗu.

Kaifi na biyu shi ne unguwar kanta. A wurare irin su Kukaki, kusa da Akrofolis, masu gidaje sun gano cewa ba da ɗaki ga baƙo na kwana uku ta Airbnb ya fi ba ɗan gari haya ta shekara riba. Haya ta tashi, tsofaffin mazauna suka ƙaura zuwa bayan gari. Abin ya kai ga gwamnati ta dakatar da rajistar sababbin gidajen hayar gajeren lokaci a gundumomi uku na tsakiyar Atina daga farkon 2025. Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta Tarayyar Turai na 2023 sun nuna cewa iyalan Girka suna kashe fiye da kashi ɗaya cikin uku na abin da suke samu a kan muhalli, wanda babu kamarsa a tarayyar, kuma in aka auna ƙarfin saye na kowane mutum, Bulgariya ce kaɗai ke bayan Girka.

Saboda haka mai taberna na tsakiyar birni yana da zaɓi biyu a gabansa, kowanne da haɗarinsa. Yana iya juyawa ga baƙo, ya buga takardar farashi da harsuna huɗu, ya ƙara kuɗi, ya buɗe tun ƙarfe shida, ya riƙa juya teburi. Cinikin bazara zai yi kyau, amma da sanyi ya shigo baƙi suka tafi, zai tarar maƙwabcin ya koma wani wuri, kuma 2020 ta nuna yadda baƙo ke ɗaukewa cikin mako guda. Yana kuma iya riƙe farashin unguwa, ya ci gaba da haɗiye tsadar mai da wuta da haya, har ranar da lissafi zai ƙi fita.

Wasu gidajen suna ƙoƙarin bin tsakiya: tukwanen rana masu sauƙin kuɗi domin ma'aikata da 'yan fansho, gashi da kifi da dare domin mai hali, da rufe ƙofa na mako biyu a tsakiyar Agusta kamar yadda aka saba, lokacin da mutanen Atina ke komawa ƙauyukansu. Ko wannan zai isa, ya dogara ne ga abubuwan da ba a madafa ake yanke su ba: kuɗin haya, albashin ma'aikaci, da ko gwamnati za ta bar harajin a kashi 13 in wata matsalar kasafi ta taso. Masu sana'ar da suka ga an taɓa shi sau biyar ba su da dalilin sakin jiki.